Ba a Haska Mala'ika

Abincin dare na kai wa mijina. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan a yammacin ranar, sai kuma gyambon ƙafar Saje Merv da nake son dubawa.

Bazara ce, irin ta garinmu Darwin. Hadari yakan haɗu a kan teku ya yi ta gurnani, ya watse babu ko ɗigo. Kafin mutum ya gama sa maɓallin riga ta manne masa a baya. A irin wannan lokaci ne maza ke fasa wa juna kwalba a ka saboda magana ɗaya, mu kuma mu wuni muna ɗinki a asibitin sojojin sama. Ni nas ce a can. Des, mijina, kofur ne a sansanin makamai masu linzami da ke bakin teku, arewa da gari. Shekarun nan ne da ake zaman ɗar-ɗar da maƙwabtanmu na tsallaken ruwa, ana ta cewa suna da manyan jiragen da za su iya zuwa su zuba mana bama-bamai su koma. Garin da aka taɓa ƙonawa daga sama ba ya ɗaukar irin wannan magana da wasa.

Na ɗauki a-kori-kurarmu, na ajiye tukunyar shinkafa da miyar kaza a kujerar gefe, na bi jar hanyar nan mai gargada. Ruwan teku ya janye, warin laka ya cika motar. Jemagu sun fara fitowa, suna ratsa sararin sama ayari-ayari. Rana ta kusa taɓa ruwa.

Col, sojan gadi, shi ne a bakin ƙofa, bindiga rataye a kafaɗa, yana ta marin wuyansa saboda ƙwari.

"Sista Noeline! Me aka kawo wa ɗan gatan?"

"Abin da matarka za ta dafa maka, ranar da ka samu mai ɗaukar ka."

"Kai, Sista. A rage mini romo dai."

Ya ɗaga sandar, na wuce.

Makaman suna jere a kan gadajensu na ƙarfe, farare, dogaye, hancinsu na kallon teku. Mazan wurin karnuka suke kiran su. Des ya taɓa nuna mini dalili a kan teburin cin abincinmu, da tocila da cokali. Karen ba ya gani da kansa. Akwai wani ƙaton faranti da ke haska jirgin abokan gaba da irin hasken da ido ba ya gani, kare kuma ya bi hasken da ya dawo, kamar yadda ake bin ƙanshi, har ya cafke. Farantin nan shi ne aikin Des. Da zarar ya kama jirgi ba ya saki, da kansa yake juyawa yana bin sa.

"In kin ga faranti ya sunkuyar da kai, jirgin na nesa," ya ce da ni a ranar. "In ya fara ɗaga kai, ya matso. In kuwa kika ga ya kalli sama sosai, to, uwargida, shiga ƙarƙashin tebur."

Muka yi dariya a lokacin.

Ɗakin aikinsu akwatin ƙarfe ne a gindin farantin. A bayansa, can gefe, janareto ke ruri, wata kakkaurar waya ta taso daga gare shi ta shigo ɗakin. Ciki akwai duhu da sanyi, da ƙauri irin na wayar da ta ɗauki zafi. Mutum uku na tarar. Des na gaban maɓallansa. Saje Merv, wanda ya girme su duka, ya ɗora ƙafar mai ciwo a kan akwati. Sai sabon hafsansu, Laftanar Prowse, mutumin kudu, mai ladabi, wanda zafin garinmu bai gama dafa shi ba.

"Ga mahauciya ta iso," in ji Merv. "Des, ɓoye mini ƙafata."

"Da ka daina shiga laka neman ƙaguwa, da ban gan ka ba," na ce. "Cire safar."

Des ya buɗe tukunya ya shaƙa. "Kin sa yajin?"

"Na sa."

"Yallaɓai, zo ka ɗanɗana. In ka rayu, ka zama ɗan gari."

Prowse ya ci cokali ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da daɗi ƙwarai. Merv ya yi dariya har da tari.

Ina durƙushe ina wanke gyambon sai na lura Merv ya miƙa hannu, bai ko waiwaya ba, ya ɗauki kofin shayinsa na tasa ya kife a kan allon radar. Allon zagayayye ne, a kwance kamar ƙaramin tebur, wani koren layi na kewaya shi. A gefen arewa maso yamma ya kife kofin.

Na san wannan kofi. Duk matan sansanin sun san shi. Wani lokaci allo kan nuna ɗigo inda babu komai, ko garken tsuntsaye, ko zafi da ke wasa a kan ruwa. Masu aikin suna kiran irin waɗannan ɗigo mala'iku. Yawancinsu kan yi yawo su ɓace. Amma akwai guda da ke zuwa da bazara, da almuru, daga wuri ɗaya. Yakan taho a hankali, ya yi ta kewaye a nesa da gaɓa kamar mai neman ƙofa, sai ya shuɗe in duhu ya rufa. Ba a rubuta shi. Ba a kiran hedikwata a kansa. A kife masa kofi, a sha shayi da wani. Ba a haska mala'ika, haka sababbi ke tarar da dokar, ba kuma wanda ke tambayar wa ya kafa ta.

"Saje," Prowse ya ce. "Ɗauke kofin."

"Tsuntsaye ne, Yallaɓai."

"In tsuntsaye ne ba za su yi fushi ba. Ka san umarnin da ya zo. Duk abin da ba mu sani ba, a haska shi, a tambaye shi. Ba ni na rubuta ba." Ya yi maganar a tausashe. "In wata rana jirgin gaske ya ɓuya a ƙarƙashin kofin nan fa? Matar Des a gari take kwana."

Ni ya nuna.

Merv ya ɗauke kofin. Ɗigon na nan, kore, ƙarami kamar ƙwayar shinkafa.

Des ya ajiye cokali, ya goge hannu a wando. Ya murɗa wani abu, ya danna wani. A samanmu farantin ya yi ƙara, ya juya, ya tsaya. Rurin janareto ya yi nauyi.

"Na kama shi," Des ya ce. Ya ƙura wa allon ido. "Yallaɓai, wannan ba tsuntsu ba ne. Ƙarfe ne."

"Gudunsa?"

"Kamar keken tsohuwa. Jirgi mai farfela ne."

A kan allon, ɗigon ya daina kewaye. Ya miƙe ya nufo mu.

"Tambaye shi," in ji Prowse.

Akwai na'urar da ke yi wa jirgi tambaya ɗaya tak: aboki ko abokin gaba? Jiragenmu suna ɗauke da akwatin da ke amsawa da kansa. Des ya danna. Muka zuba wa ƙaramar fitilar ido.

Ta kama. Kore.

"Aboki ne," in ji Des, ya saki numfashi. Ya sunkuya ya ƙara dubawa. "Amma amsar tsohon yayi ce. An daina irinta tun ina makaranta."

Prowse ya ɗauki wayar hedikwata. Ya kira, ya sake kira. Ya janye ta daga kunnensa ya dube ta. Daga inda nake durƙushe ina jin abin da ke fitowa ciki. Ruwa ne. Motsin ruwa mai zurfi, da wani ƙis-ƙis kamar ƙananan ƙafafu a kan kwano.

Sai lasifikar bango ta buɗe da kanta.

"Gida... gida... kuna ji na?"

Muryar saurayi ce, a gajiye, da lafazin mutanen karkara. A bayanta injin na tari.

"Mun ga haskenku. Kai, aboki. Kun daɗe ba ku kunna ba."

Ƙafar Merv ta yi sanyi a hannuna. Na ji ta, kamar an zare jinin.

"Lofty," ya ce a hankali.

"Wa?" in ji Prowse.

"Matuƙin jirgin ne. Ni ne makanikensu. Lokacin yaƙi." Idonsa na kan lasifika. "Ni na cire musu katakon taya da safe. Da yamma suka dawo da wuta a injin guda. Ana tsoron hari, aka ce kada a kunna fitilun kananzir na filin saukar jirgi. Muna tsaye da ashana a hannu. Muna jin su suna kewaye, suna kira. Har suka daina."

"Merv?" in ji lasifikar. "Merv ne wannan? Tsohon ɓarawon taba. Riƙe mana hasken, aboki. Yaran jirgin sun ƙone. Riƙe mana."

A garinmu kowa aboki ne. Mai sayar da mai aboki ne, ɗan sandan da ya kama ka aboki ne. Amma akwai yadda namiji kan faɗi kalmar, can ƙasa-ƙasa, wanda in ɗan'uwansa ya ji ba ya iya juya baya. Na ga ta shiga mijina. Ya jawo abin magana kusa da bakinsa.

"Des, kada ka amsa," na ce.

"Ina riƙe da kai, aboki," ya ce. "Biyo hasken. Ba zan sake ka ba."

Sama da mu, farantin ya yi ƙara. Ya ɗaga kai kaɗan.

Wani wari ya shigo ɗakin. Man jirgi. Laka. Da wani abu da na sani daga ɗakin masu ƙuna, wanda ba na son in faɗi sunansa kusa da abinci.

Prowse ya ajiye wayar. Ya yi magana a nutse, na yaba masa wannan har yau.

"Ban san mene ne wannan ba. Amma ba zai sauka a kan makamai masu cike da mai ba. Kofur, kashe hasken."

Des bai motsa ba.

"Kofur."

"Yallaɓai, aboki ne."

Prowse ya taka da kansa zuwa babban makunnin da ke jikin bango, mai jan hannu. Ya ɗaga hannu.

Ban ga lokacin da Merv ya tashi ba. Sifana na gani, doguwa, ta ratsa iska. Ta sami Prowse a muƙamuƙi. Ƙarar kamar an taka busasshen kwando. Haƙora suka watsu a kan allo. Ya faɗi, kansa ya bugi gefen akwati, jini ya yi tsartuwa har kan tukunyata.

Merv bai tsaya ba. Ya juya kan makunnin. Ya doka. Ya sake doka. Jan hannun ya karye ya faɗi, sauran ya lanƙwashe ya shige ciki.

"Ba za a sake kashe musu ba," ya ce. Yana kuka. "Ba a gabana ba."

Na ja jiki zuwa wurin Prowse. Harshensa ya koma baya, yana shaƙewa da jininsa. Na juya shi a gefe, na sa yatsu na share bakin. Hannuna na aiki, kunnena na kan lasifika.

Muryar ta canza. Gajiyar ta fita daga cikinta.

"Mun gan ku yanzu," ta ce. "Merv. Da mai hasken. Da mace."

Wasu muryoyin suka taso a bayanta. Ba magana suke ba. Ihu suke, irin na wanda wuta ke ci, amma a hankali, kamar daga ƙarƙashin bargo.

"Mun yi ta kira, Merv. Kuna tsaye kuna ji."

"Umarni ne, Lofty. Wallahi umarni ne."

"Akwai wuri a jirgin. Ku duka."

Des ya cire abin magana daga wuyansa. Ya dube ni. Fuskarsa ta dawo tasa.

"Noel," ya ce. "Me na yi?"

Farantin ya ƙara ɗaga kai.

Abu ya bugi bango. Huda ta buɗe a ƙarfen, ta biyu, ta uku, a jere, ba ƙarar bindiga ko kaɗan. Gilashin wata na'ura ya tarwatse. Daga kowace huda ruwa ya fara zuba, baƙi, mai sanyi.

Des ya gwada makunnin da hannu biyu. Ya ƙi. Ya fizgi gatarin kashe gobara daga bango.

"Zan sare sandar tsakiyar farantin, inda hasken ke fita. Ja Yallaɓai waje. Ki yi nesa."

"Des, hasken zai dafa ka."

"Ta baya zan hau."

Ya fita. Merv ya riga shi fita, ba takalmi, bandejina na jan ƙasa a bayansa.

Na kama Prowse ta ƙarƙashin hammata na ja shi har ƙofa.

Waje ya yi ja. Rana ta nutse, saura bakinta. Ba iska. Kwaɗi sun yi shiru.

Jemagu na faɗowa.

A layi ɗaya suke faɗowa, daga farantin zuwa teku, suna hayaƙi. Da su na gane inda hasken yake. A cikin layin kuma, can sama da itatuwan bakin ruwa, na ga jirgin.

Injin biyu. Ɗaya na ci da wuta, amma wutar a hankali take motsi, kamar ciyawar ƙarƙashin ruwa. Kawa, masu ɓawon nan na teku, sun manne a cikinsa. Laka na zuba daga ƙofar bama-bamai. Farfelarsa na juyawa, ba ƙara. Da alamarmu a fiffikensa.

Col ya taho da gudu daga bakin ƙofa.

"Sista! Kwanta!"

Ya durƙusa ya ɗaga bindiga ya harba. Ya sake harbawa.

Ƙasa ta tashi a gabansa, tsalle-tsalle, a jere, kamar harsasai na sauka, ta nufo shi. Ta bi ta kansa. Ya buɗe daga cinya zuwa kafaɗa. Bindigar ta yi gefe guda, hannunsa na riƙe da ita.

Ban yi ihu ba. Ban san dalili ba.

Des ya kai bayan farantin. Ya zagayo gefensa, ya miƙa gatari yana neman sandar da ke tsakiya. Ya sara sau ɗaya. Tartsatsi ya tashi.

Farantin ya motsa.

Ya ɗaga kai gaba ɗaya. Ya kalli sama.

Ƙafar Des ta zame. Ya faɗa ciki, rigingine, kamar nama a kasko.

Sai ya fara ihu.

Jirgin na bisa kanmu. Ya tsaya cak. Ruwa na zuba daga gare shi.

Ƙofar cikinsa ta buɗe.

Suka fara saukowa. Ba igiya. Hasken suke bi, hannu bayan hannu, kai a ƙasa. Rigunansu sun narke sun haɗe da jiki. Na farkon dogo ne ƙwarai.

Merv ya hau tsanin farantin, ya tsaya a baki, ya buɗe hannuwa.

"Ga ni, Lofty. Ga ni, aboki."

Dogon ya rungume shi.

Merv ya kama da wuta daga ciki. Na ga hasken ta haƙarƙarinsa. Bakinsa a buɗe, ruwa na bulbulowa daga ciki, wuta na fita ta ido. Ƙashin bayansa ya karye, na ji ƙarar. Dogon bai sake shi ba.

Na biyun ya wuce su. Ya miƙa hannu ƙasa, cikin farantin.

Wurin Des.

Na bi wayar da ido. Daga ɗaki, ta cikin ciyawa, zuwa janareto.

Na saki Prowse, na ruga wurin motarmu.

Mabuɗin na jikin mota. Ta ƙi tashi. Na sake murɗawa. Ta tashi.

Wani abu ya dira a bayan motar. Ta lotsa. Wari ya cika ta.

Ban waiwaya ba.

Na taka mai har ƙasa.

A madubi na ga hannu, baƙi, ba fata, yana lallaɓa gilashin baya.

"Sista," aka ce, dab da kunnena. "Bar mana hasken."

Na daki janareto.

Sitiyari ya shige ƙirjina. Gilashi ya zubo mini a fuska. Man dizal ya fantsama, wuta ta tashi, rurin ya yi tari ya mutu.

Shiru.

Sai ruwa ya faɗo daga sama, gaba ɗaya, kamar an kife tanki. Ya kashe wutar. Ya shiga bakina. Gishiri ne. Ƙananan ƙaguwa na gudu a kan murfin mota.

Na ɗaga kai. Babu komai a sama sai tauraro guda.

Da rarrafe na isa tsanin. Haƙarƙarina sun karye, ban sani ba sai daga baya. Na taka abin da ya rage na Merv, na hau. Des na kwance cikin ruwa a tsakiyar farantin, rigarsa na hayaƙi. A wuyan hannunsa akwai shaidar yatsu, ta ƙone har ƙashi. Idanunsa a buɗe. Sun yi fari kamar dafaffen ƙwai.

Na sa kunne a ƙirjinsa.

Yana bugawa.

Masu bincike sun ce tsawa ce ta faɗa kan janareto, ni kuma na ruɗe na taka mai a maimakon birki. Ban musa ba. Likitan da ya buɗe gawar Merv abokin aikina ne. Ya ce da ni bai taɓa ganin wanda ya ƙone ƙurmus huhunsa cike da ruwan teku ba, sannan ya rubuta gobara. An rufe akwatin gawar Col kafin mahaifiyarsa ta iso. Prowse ya rayu, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, aka mayar da shi kudu. Ranar da zai tafi ya kama hannuna ya riƙe. Bayan 'yan shekaru aka kwashe karnukan, ciyawa ta cinye wurin.

Des bai ƙara gani ba. Da ya warke na ɗauke shi muka koma Alice Springs, tsakiyar ƙasa, inda teku ya fi nisa ta kowace fuska. Na sami aiki a asibiti. Ya koyi gyaran rediyo da lalube, yana kuma yi da kyau. Mutum ne mai barkwanci har yanzu. Yakan ce ya auri matar da ta fi kowa iya fakin mota.

Sai dai bazara in ta zo, da almuru, yakan yi shiru a tsakiyar magana. Kansa ya juya arewa maso yamma, a hankali, ba tsayawa, irin juyin farantin nan, wanda wuyan mutum ba ya yi. Ya tsaya a wuri ɗaya. Fararen idanun a buɗe, ba ƙiftawa, har duhu ya rufa. Na taɓa rufe masa fuska da tawul. Na taɓa kulle shi a ɗakin da ba taga. Duk ɗaya ne.

Sau ɗaya na tambaye shi me yake gani.

"Na ce ba zan sake su ba, Noel," ya ce. "Ban san yadda ake saki ba."

Shekarun farko haɓarsa na kusa da ƙirji, kamar mai kallon ƙarshen ƙasa. Na lura tana ɗagawa. Kaɗan-kaɗan, bazara bayan bazara. Ban gaya wa kowa ba. Bara saman taga yake kallo.

Jiya muna cin abinci, yana ba ni labarin wani mai rediyo da ya zo da kuka. Ya yi shiru. Kansa ya juya, ya tashi, ya ci gaba da tashi, har ƙeyarsa ta taɓa bayan kujera.

Rabonmu da ruwan sama an daɗe. Ɗigo ya faɗo daga rufi a kan hannuna. Na kai baki.

Gishiri.

"Uwargida," Des ya ce a hankali, fuskarsa na kallon sama. "Shiga ƙarƙashin tebur."